Laƙabi da Sunan Ɓuya Ba Su Taɓa Cin Tuwo Ƙwarya Ɗaya Ba

A cikin watan Janairu na shekarar 1851 wani baƙo Bature ya sauka a Tasawa. Daga Damargu ya fito, tare da ayarin Abzinawa masu fataucin gishiri. Sunan da iyayensa suka raɗa masa a ƙasar Jamus shi ne Heinrich Barth, amma ba wanda ya kira shi da haka a Tasawa, ko a Gazawa da Katsina da Kano inda ya bi daga baya. Da Abdulkarim aka san shi. Waɗanda ya zauna da su a lokacin sun san Nasara ne, sunan bai rufe musu kome ba, ya dai sauƙaƙa wa harshensu kiran baƙon. Bayan shekara biyu, a 1853, da mutumin nan ya doshi Tumbuktu ta cikin ƙasar da yake tsoron a gane shi, sai ya shiga rigar Balarabe, ya bari aka ɗauke shi sharifi. Suna bai sake ba, Abdulkarim ɗin nan ne dai, amma aikin sunan ya sake: a Tasawa kira ne, a hanyar Tumbuktu kuwa mayafi ne.

Duk wanda ya fahimci wannan ɗan labari ya riga ya fahimci abin da ake jayayya a kansa a nan. Suna na biyu ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ake ƙara wa mutum don a ƙara saninsa, akwai wanda mutum yake ɗaura wa kansa don kada a san shi. Ingilishi ya raba su da kalmomi dabam-dabam, Hausa ma ta raba su, har ta fi shi zurfafawa ta wani gefen. Sai dai kash, wata ɗabi'a ta sauƙaƙawa ta sami gindin zama a azuzuwa da tarurrukan fassara. Malami ya rubuta alias da pseudonym da nickname da pen name a allo, ya ja musu layi guda, ya rubuta "laƙabi" a gabansu, yara su kwafe, a tashi. In an juya ta ɗaya gefen kuma, a ɗauki laƙabi da alkunya da inkiya da sunan rana a zuba su duka cikin alias. Wannan ganganci ne, kuma ɓarnarsa ta wuce ta rasa maki a jarrabawa.

Abin ya ƙara nauyi tun daga watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ma'anar wannan ita ce takardu za su yi ta ƙaruwa da ke bi tsakanin Hausa da Ingilishi kai tsaye, ba tare da sun ratsa ta Faransanci ba. Malaman da ke koyarwa yau a Maijirgi da Korgom da Urafan da Kanambakashe su ne ke renon masu fassarar gobe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yadda Ingilishi ya raba su

Kalmar nickname ita ce mafi kusa da gida. Asalinta a tsohon Ingilishi shi ne ekename, wato "ƙarin suna", daga baya harafin n na kalmar da ke gabanta ya manne mata. Mutane ne ke laƙaba wa mutum shi, ƴan'uwa ko abokai ko maƙiya, kuma ba ya ɓoye kowa. Mai shi yakan so shi ko ya ƙi shi, amma ba shi da ikon hana shi bin sa.

Kalmar pseudonym daga Girkanci take, ma'anarta "sunan ƙarya". Duk da kaushin wannan asali, a bakin masu Ingilishi ba zargi a cikinta. Suna ne da mutum ya zaɓa wa kansa don wani aiki na fili, galibi rubutu. Ita ce uwa, ƴaƴanta su ne pen name na marubuta da stage name na mawaƙa da ƴan wasa. Mary Ann Evans ta yi rubutu da sunan George Eliot a Ingila ta ƙarni na 19 domin a auna littattafanta da ma'aunin da ake auna na maza. Eric Blair ya zama George Orwell. A nan Afirka, marubucin Kamaru Alexandre Biyidi ya fitar da littafinsa na farko a 1954 da sunan Eza Boto, sa'an nan ya koma Mongo Beti a 1956, a zamanin da sukar mulkin mallaka ke da tsada. Hafsan sojan Aljeriya Mohammed Moulessehoul ya ari sunayen matarsa, Yasmina Khadra, ya yi ta wallafa littattafai yana cikin kaki, bai bayyana kansa ba sai a 2001. Babu ɗaya daga cikinsu da ya ci amanar mai karatu. Littafin da aka saya shi ne littafin da aka karanta.

Malaman Faransanci za su ji daɗin sanin cewa nom de plume, da ake ɗauka Faransanci ne tsantsa, a Ingila aka ƙera shi. Abin da Faransawa suka gada shi ne nom de guerre, sunan yaƙi. A rundunar sarakunan Faransa kowane ƙaramin soja yakan sami suna na biyu idan ya shiga aiki, irin su La Fleur da Jolicoeur, kuma daga 1716 aka wajabta rubuta shi cikin rajistar runduna. A 1940 wani hafsa mai suna Philippe de Hauteclocque ya ɗauki sunan Leclerc domin kada fushin masu mamaya ya faɗa kan iyalinsa da ya baro a gida. Da wannan suna ya ja dakaru daga Cadi ya ratsa hamada. Sunan yaƙi yana ɓoye mutum daga abokin gaba, amma abokan gwagwarmaya sun san ko wane ne.

Saura alias, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Kalmar Latin ce mai nufin "a wani lokaci" ko "ta wata hanya". Ta shiga Ingilishi ta ƙofar kotu, inda ake rubuta sunan wanda ake tuhuma, a bi shi da sauran sunayen da yake amfani da su. Warin kotun bai bar ta ba har yau. In Bature ya ce wane yana tafiya da alias, abin da mai sauraro zai fara kawowa a ransa shi ne ɗan damfara, ko wanda ƴan sanda ke nema, ko ɗan leƙen asiri. Ba wanda zai ce George Eliot alias ne sai in yana son ya muzanta ta. Ana iya amfani da kalmar cikin raha, ana kuma amfani da ita a fannin kwamfuta ba tare da wani zargi ba, amma a takardar hukuma da shafin jarida nauyinta na tuhuma ne.

Ashe ke nan tambayoyi uku ne ke raba waɗannan kalmomi. Wa ya raɗa sunan, mai shi ko jama'a? Don me aka raɗa shi? Wa ake son kada ya gane? Malamin da ya koya wa ɗalibansa waɗannan tambayoyi uku ya ba su abin da ya fi jerin kalmomi ashirin.

Yadda Hausa ta raba su

In aka ɗora tambayoyin nan a kan sunayen Hausa, sai wani abu ya fito fili: kusan dukkan sunaye na biyu da Bahaushe ke ɗauke da su wasu ne suka ba shi, kuma ba wanda ake ɓoye wa.

Sunan yanka shi ne tushe, wanda liman ya raɗa ranar bakwai, aka yanka rago, aka raba goro. Tun kafin wannan rana jariri ya riga ya sami sunan rana: Ɗanladi ko Ladi, Ɗanjuma ko Jummai, Balarabe ko Laraba, Ɗanlami ko Lami, Talatu, Asabe. Wani kuma halin da aka haife shi ciki ne ke ba shi suna. Tanko namiji ne da ya biyo bayan mata, Kande mace ce da ta biyo bayan maza, Gambo ya biyo tagwaye, Nomau ya zo da damina ana tsakar noma, Azumi ta zo cikin watan azumi, Auta ya rufe ƙofa. Wanda ya san Hausa, da jin sunan ya karanta rabin tarihin gidan. Irin wannan suna tona asiri yake yi, ina ya ga ɓoyewa?

Akwai kuma sunayen da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da sunan yanka, kowa ya san abokin kowa. Abubakar shi ne Garba, Umaru shi ne Sanda, Usumanu shi ne Shehu, Musa shi ne Kalla, Yusufu shi ne Maitama. A'ishatu ita ce Indo, Hauwa ita ce Kulu, Fatsima ita ce Binta, Hadiza ita ce Dije. Wanda aka ce masa Garba a kasuwar Mayahi, aka ce masa Abubakar a masallaci, bai sauya suna ba ko kaɗan. Suna ɗaya ne mai riga biyu.

Sa'an nan ga alkunya, wadda ita ce zuciyar wannan magana. Kalmar daga Larabci ta zo, inda kunya ke nufin kiran mutum da "uban wane" ko "uwar wance" don girmamawa, kamar yadda aka san Abu Huraira. Da ta iso ƙasar Hausa sai ta tarar da wata kalma mai kama da ita a kunne, wato kunya, suka haɗu suka zama abu guda a zukatan mutane. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Matar kirki ta gargajiya ba ta kiran sunan mijinta, sai ta ce maigida ko malam. Yaron da aka mayar wa sunan kakansa ba a kiransa da shi a cikin gida, sai a ce Abba ko Baba. Yarinyar da ta ci sunan kakarta ta zama Uwa ko Inna ko Ummi. Duk wanda ke gidan ya san sunan da ake kauce wa. Ana zagaye shi ne kamar yadda ake tuɓe takalmi a ƙofar manya.

Laƙabi kuwa shi ne wanda hali ko sana'a ko siffa ko gari ya jawo wa mutum. Bawa Sarkin Gobir ya zama Jan Gwarzo. Mahaifin Shehu Usmanu sunansa Muhammadu, Fodiyo laƙabi ne na malanta a Fulatanci, ga shi har yau da shi duniya ke kiran ɗansa. Adamu Wayya, da ya rasa iyayensa yana ƙarami, ya zama Ɗan Maraya Jos har ya koma ga Mahaliccinsa a 2015. Inkiya ƴar'uwar laƙabi ce, alama ce da ake gane mutum da ita. Kirari kuma ya fi suna tsawo, take ne da ake zuga gwani da shi a fage. A ƙarƙashin waɗannan duka akwai sunan tsokana, wanda ake liƙa wa mutum don a wulaƙanta shi, irin wanda aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana muminai jifar juna da shi. Hausa ba ta haɗa shi da laƙabin girma ba.

To, shin babu sunan yaudara a gargajiyar Hausa? Akwai guda, kuma ya kamata a dube shi da kyau. Matar da ƴaƴanta ke ta mutuwa suna ƙanana, wadda ake kira mai wabi, in ta sake haihuwa sai a kira jaririn Ajuji ko Ayashe, a nuna kamar ba a damu da shi ba, abin yarwa ne. Wannan suna an yi shi don a ɓatar da sawu, amma mutuwa ake son a ruɗa, ba maƙwabci ba, ba alƙali ba. Wanda ya fassara Ajuji da alias ya mayar da hawayen uwa takardar ƴan sanda.

Hatta a fagen rubutu al'adar Hausa ta sa hannu ce. Marubutan waƙoƙi na ajami sun saba rufe waƙa da ambaton sunansu, wani lokaci da na mahaifi da gari, har da ramzin shekara. Mai wa'azi yana son a san wanda ya faɗa, domin a yi masa addu'a, domin kuma a san wanda za a tuhuma in ya yi kuskure. Saboda haka sunan alƙalami baƙo ne da ya zo da ɗab'i da jarida, kuma ya cancanci a ba shi masaukinsa dabam, kada a cusa shi ɗakin laƙabi.

Inda ɓarnar take

Mai karatu na iya cewa duk wannan gardamar malamai ce. Bari a sauko ƙasa. A Nijar akwai wata ƴar kalma ta Faransanci da ta daɗe tana ɗaukar wannan kaya, wato dit, "wanda ake ce wa". Ita ce ke tsakanin sunan yanka da sunan fage na ƴan kokowa. Gwanin Maraɗi da ya ɗauki takobin ƙasa na farko a Tawa a 1975, Yakuba Ango, duniya ta san shi da Kantu. Kadri Abdu na Doso, wanda ya ɗauki takobi sau da dama, ba wanda zai gane shi a bakin fage sai an ce Isaka Isaka. Kalmar dit ba ta zargin kowa. Faransancin jarida ma yakan sa alias a wannan gurbi ba tare da wani nauyi ba. Amma ranar da mai fassara ya kwashe wannan alias ɗin ya dire shi cikin Ingilishi yadda yake, ya sauya wa maganar launi bai sani ba. Kalmar ɗaya ce a ido, nauyinta ya bambanta a harsunan biyu. Wannan tarko ne da ya fi kama wanda ya iya Faransanci sosai, domin shi ne ba zai tsaya duba ƙamus ba.

A ɗauki misalin yarinya daga wani ƙauye na bakin Gulbin Kaba. Sunanta na yanka na kakarta ne, don haka duk gidan Uwa suke ce mata. Ranar ɗaukar sabbin ɗalibai uwarta ce ta kai ta, aka tambaye ta sunan yarinya, ita kuwa ƴar fari ce, bakin uwa ba zai iya furta shi ba. Aka rubuta Uwa. Bayan shekaru, da aka zo yi mata takardar haihuwa a zaman kotun tafi-da-gidanka, mahaifinta ya ba da sunan yanka. Yanzu ga takarda biyu, suna biyu, yarinya ɗaya, ga jarrabawar BEPC ta ƙarato. Kowane daraktan makaranta a karkara ya san irin wannan ƙulli. Abin tambaya shi ne da wace kalma za a bayyana shi. In aka ce alkunya ce, kowa ya gane, a gyara takarda. In yarinyar nan ta girma ta nemi karatu ko biza a ƙasar da ke aiki da Ingilishi, aka rubuta a fayil ɗinta cewa tana da alias, to an sa ma'aikacin da bai taɓa ganin Mayahi ba ya ɗaga gira.

Ba tsoro ne na banza ba. Jerin sunayen waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaƙaba wa takunkumi yana lissafa wa kowane mutum sauran sunayen da aka san shi da su, har ana raba su gida biyu, masu ƙarfi da masu rauni, kuma bankuna da ofisoshin shige da fice suna tace sunayen jama'a da irin wannan jeri. A ɗaya gefen, tun da shugabannin ƙungiyoyin yaƙi suka mayar da kunyar Larabawa sunan yaƙi, kamar yadda aka san Yasir Arafat da Abu Ammar, kunnen jaridun Turai ya saba jin "Abu wane" a matsayin sunan ɓuya. Al'ada mai shekaru fiye da dubu ta girmama iyaye ta koma alamar tuhuma a idon wanda bai san ta ba. Idan baƙo ya yi wannan kuskure, jahilci ne. Idan malamin Hausa ya taya shi, me za a kira shi?

Ɓarnar tana da fuska ta biyu. Wanda ya fassara alias da laƙabi ya wanke ɓarawo. A zamanin Facebook da WhatsApp, mutum yakan buɗe shafi da sunan da ba nasa ba, da hoton da ba nasa ba, ya ci mutuncin jama'a ko ya karɓe musu kuɗi. Matasa sun riga sun samo wa wannan suna, suna ce masa sunan bogi, kuma sun yi daidai. Ranar da aka kama irin wannan mutum, mai fassara ya ce wai "yana amfani da laƙabi", to ya ba shi rigar Ɗan Maraya da Kantu ya sa. Kalma ɗaya ta shafa wa mai kunya baƙin fenti, ta kuma shafa wa maras kunya fari.

Hujjojin masu musu

Masu wannan ɗabi'a ba su rasa abin faɗa ba, kuma adalci ne a saurare su.

Na farko sukan ce ƙamus ne ya jera kalmomin a matsayin masu ma'ana ɗaya. Gaskiya ne ƙamus na jera su, kamar yadda zai jera kyauta da sadaka da toshi da cin hanci a ƙarƙashin "abin da aka ba wani". Wane Bahaushe ne zai yarda a ce abin da ya kai wa surukansa da abin da aka cusa wa alƙali a aljihu abu ɗaya ne? Kusancin ma'ana ba ya halatta musanya. Kama da wane ba ta wane.

Na biyu sukan ce yara ƙanana ne, sauƙi ake nema musu. Wannan hujja ta fi kowace rauni, domin yaron da ke aji ɗaya a kwaleji ya riga ya san bambancin nan tun yana goye. Ya san dalilin da ya sa uwarsa ba ta kiran sunan yayansa, ya san sunan da abokai ke tsokanarsa da shi, ya san sunan da ɗan kokowar garinsu ke shiga fage da shi. Abin da ya rage wa malami shi ne ya ɗora kalmomin Ingilishi a kan ilimin da yaro ya zo da shi daga gida. Wannan shi ne dukkan hikimar makarantun gwaji masu harshe biyu da aka fara a Damagaram a 1973. Wanda ya rushe abin da yaro ya sani don ya sauƙaƙa masa, wahala ya ƙara masa.

Na uku sukan ce iyakokin ba su da tsabta, suna ɗaya na iya zama wannan ya zama wancan. Wannan gaskiya ne, labarin Abdulkarim ma shi ya nuna. Ga wani misalin na gida. A fim ɗin Jean Rouch na 1958, Moi, un noir, matasan Nijar ƴan ci-rani a unguwar Treichville ta Abijan sun ɗauki sunayen taurarin silima. Umaru Ganda, wanda daga baya ya zama babban mai shirya fim har aka sa wa cibiyar al'adu ta Yamai sunansa, ya fito da sunan Edward G. Robinson. Laƙabi ne, ko sunan fage, ko mafarkin ɗan dako da ke son ya zama wani? Ana iya kwana ana muhawara. Amma kasancewar akwai almuru ba ya nufin dare da rana ɗaya ne. Wuraren da iyaka ta dushe su ne suka fi bukatar malami mai kaifin ido.

Na huɗu, kuma mafi ƙarfi, ita ce hujjar ma'aikatan rajista: hukuma suna ɗaya take so, mutum ɗaya, lamba ɗaya, in ba haka ba gado da zaɓe da jarrabawa duk su rikice. Wannan ba abin musu ba ne. A rubuta sunan yanka a takarda, a tsaya a kansa. Sai dai bukatar hukuma ta suna ɗaya ba ta mayar da sauran sunayen laifi ba. Ana iya tsare rajista ba tare da an tuhumi al'ada ba.

Abin da ya rage a yi

Aikin ba shi da tsada. Malaman Ingilishi da na Hausa da na Faransanci a kowace makaranta su zauna wuni ɗaya su daidaita bakinsu. Nickname a bar shi ga laƙabi da inkiya. Pen name ya zama sunan alƙalami, stage name ya zama sunan fage, nom de guerre ya zama sunan yaƙi, pseudonym ya zama sunan aro, wanda ya tattara ukun nan. Alias na kotu da ƴan sanda a ce masa sunan ɓuya, ko sunan bogi in na damfara ne. In za a mayar da dit zuwa Ingilishi, known as ya wadatar, ba ya cizo. Alkunya da sunan rana kuwa ba su da takwara a Ingilishi, kuma ba abin kunya ba ne a faɗi haka. A bar su da sunansu na Hausa, a bi su da jimla ɗaya ta bayani, kamar yadda Ingilishi ya ari nom de guerre bai ji nauyi ba.

Daraktocin makarantu su riƙa tambayar iyaye tambaya biyu ranar rajista: wane suna aka yanka wa rago, da wane suna ake kiran yaro a gida? In uwa ce ta kawo ɗan fari, a nemi wani ya faɗi sunan a madadinta, kada a tilasta mata, kada kuma a rubuta abin da ya fara fitowa daga bakinta.

Ƙungiyoyin al'adu na Tasawa da Mayahi kuma suna da aikin da ba wanda zai yi musu. Tsofaffin da suka san dalilin kowane suna suna ƙarewa, sunaye irin su Nomau da Ajuji da Tanko suna ja da baya a gaban sunayen da ake kwasowa daga talabijin. A bi ƙauyuka daga Hawandawaki zuwa Gidan Amumun a rubuta sunayen, da wanda ke raɗa su, da dalilin raɗa su, da wanda ba ya iya furta su. Littafi ƙarami zai ɗauke su, kuma zai fi kowane ƙamus da aka shigo da shi amfani a aji.

Harshen da aka ɗaga zuwa matsayin harshen ƙasa zai shiga kotu, zai shiga banki, zai shiga ofishin jakadanci. A can kalma ɗaya takan buɗe ƙofa ko ta rufe ta. Uwar da ta ƙi faɗin sunan ɗanta na fari ba ta ɓoye wa kowa kome ba, duk garin ya ci goron sunan. Haƙƙinta ne a kan masu ilimi su samo wa kawaicinta kalmar da ta dace da shi.